Diskin da ya shiga rumbu ya ƙi fita

Mutari: Salamu alaikum jama'ar zaure. Agaji nake nema, kuma don Allah a ajiye dariya sai an fid da ni daga rami. Sabar ta biro namu tana da rumbun ZFS, tsarin da ke haɗa diskoki su zama ma'aji ɗaya, diski 4 masu tera huɗu-huɗu, an ɗaure su raidz1, ɗaurin da ko ɗaya ya mutu bayanai na nan. Ba ni na kafa ba, gado na yi daga wanda ya riga ni, shi kuma ya koma Yamai. Ran Talata diski ɗaya ya faɗi, zpool status ya nuna DEGRADED, wato rumbu ya raunana. Na yi ta bin maigida har ya sa hannu aka sayo sabo. Alhamis da marece na ɗaura shi, na buga zpool add rumbu sde. Ya ƙi, ya rubuto mini wata doguwar magana. Ni kuma ana kiran magariba, sai na ƙara masa -f na tilastawa, ya karɓa, na kulle biro na tafi gida ina murna. Yau Asabar na leƙo, DEGRADED na nan daram, sabon diskin kuma yana can ƙasa shi kaɗai a layinsa. Na ce zpool remove, ya ƙi. Me na aikata?

Habsu: Wa alaikumus salam. Mutari, kafin komai, ɗage hannunka daga mashin ɗin. Kar ka kashe ta, kar ka sake buga wani abu mai -f. Akwai kwafin ko-ta-kwana a wani wuri?

Mutari: Akwai wani diskin USB da ake zuba abubuwa, amma rabon da a taɓa shi tun kafin azumi.

Habsu: Wato babu.

Isuhu: Innalillahi. Doguwar maganar nan da ya rubuto maka, ita ce ya kamata ka karanta ai.

Malam Laminu: Isuhu, ya ce a ajiye dariya. Mutari ƙanena, bari in gaya maka inda kake tsaye, don ka san girman abin, ba don in tsorata ka ba. Rumbun ZFS rukuni-rukuni ne, su suke ce wa vdev. Kariya a cikin kowane rukuni take, shi rumbun kansa ba ya da wata kariya, yana watsa bayanai ne a kan rukunonin da ke ƙarƙashinsa. Rukuni ɗaya ya mutu, rumbu duka ya tafi. Abin da kake so ka yi shi ne zpool replace, sabo ya maye gurbin matacce. Abin da ka yi, ka buɗe rukuni na biyu da diski tilo ba mai tsaron bayansa. Gargaɗin da ka take da -f cewa yake yi matakin kariyar bai yi daidai da na rumbun ba.

Yanzu lissafa da kyau. Raidz1 diski ɗaya yake jurewa, kuma ka riga ka ci wannan. Ukun da suka rage, duk wanda ya faɗi shi ke nan. Ga kuma na huɗu, sabon. Diski 4 ke gare ka, ko wanne a cikinsu zai iya kashe ka shi kaɗai. Ran Talata uku ne.

Mutari: Malam, cikina ya ɗuri ruwa. Amma ai kwana ɗaya da rabi kawai ya yi a ciki, Juma'a ma rabin wuni aka yi aiki. Ba zan iya zare shi kawai ba?

Habsu: A'a! ZFS ya fi karkata sabon rubutu wajen rukunin da ya fi fili, kuma naka fanko ne. Abin da aka rubuta jiya, kaso mai yawa yana kansa, har da bayanan da rumbun yake gane kansa da su. Ka zare shi, rumbu ba zai sake hawa ba. Cire rukuni ya shigo tun sigar 0.8 a 2019, amma ba ya aiki in akwai raidz a rumbun. Shi ya sa remove ya ƙi ka. Ba wata dabara da ta rage da ba ka gwada ba, ƙofar a rufe take.

Balkisa: Ku yi haƙuri, ni sitajiya ce, ina bi ne ina koyo. Anti Habsu, ba abin da zai yi kafin ya buga da zai cece shi?

Habsu: Biyu ma. Ki sa -n a kan zpool add, zai nuna miki yadda rumbun zai kasance ba tare da ya taɓa komai ba. Na biyu zpool checkpoint kafin duk wani babban canji. Da ya yi shi, da yanzu ya sauke rumbun ya sake hawa da shi daga wannan gaɓar, sai dai ya rasa aikin Juma'a. Amma wannan na gobe ne. Mutari, tera nawa ke ciki?

Mutari: 5.2.

Habsu: To ga tsari. Ka buga zfs set readonly=on rumbu, ka gaya wa mutanen biro Litinin ba rubutu. Ka ɗauki snapshot, wato hoton bayanan yadda suke a wannan lokacin. Ka samo diski mai tera 6 ko 8 yau ɗin nan, ka yi masa rumbunsa shi kaɗai da ashift=12, ka fara tura bayanai da zfs send. Kar ka tura duka a dunƙule, sashe-sashe za ka bi, wanda in ya ɓace za a kore ka shi ne farko. A gefen karɓa ka sa zfs receive -s, in kuran ta katse ka ci gaba daga inda ya tsaya maimakon ka koma farko. Kar ka yi scrub yanzu, wato binciken da ke karanta rumbu duka don gano ɓarna, duk karatun da diskokin nan za su yi, su yi shi wajen kwafi.

Isuhu: Ni rsync zan fara da shi. Rumbun ba ya da sauran kariya, in aka ci karo da gurbi ɗaya da ya ƙi karantuwa, zfs send zai yanke ya tsaya. Shi rsync tsallake fayil ɗin zai yi ya wuce, ya faɗa maka a ƙarshe.

Habsu: Gaskiyarka a nan. Amma send ya fi sauri a kan ƙananan fayiloli masu yawa, kuma yana tafiya da izinin kowa yadda yake. Ya fara da send, in ya yanke a wani sashe ya duba zpool status -v, zai ga sunan fayil ɗin da ya lalace, sai ya bi wannan sashen da rsync.

Alhaji Ma'azu: Yaro, ina da mai tera 8 a shago da akwatinsa na USB 3, ba na sayarwa ba ne, nawa ne. Ka zo bakin Kasuwar Dole kafin la'asar ka ɗauka. Aro ne fa, ba kyauta ba.

Mutari: Allah ya saka da alheri Alhaji, ga ni nan bisa moto.

Malam Laminu: Ka lissafa lokaci kafin ka fara. In ka samu mega 100 a daƙiƙa, tera 5.2 za ta ci awa 14 da ɗoriya, kuma da wuya ka riƙe wannan saurin daga farko har ƙarshe. Ka tabbata akwai gazuwal a gurup, ka kuma sa akwatin Alhaji a kan ondilar, ba a bango kai tsaye ba. Na sha ganin an kare sabar an manta da ɗan cajan diskin waje.

Nura Bakano: Damagarawa ke nan. Kuna da Kuran Daga a tarihi, amma kuran ta awa 14 sai an yi mata addu'a.

Isuhu: Kai Bakano, wayar da ke kawo ta daga Katsina take fitowa ta bi Gazawa. In ta yi rauni, ka san inda za ka kai ƙara.

Malam Laminu: Ku bari sai mun fid da yaron nan, sa'an nan ku yi wasanku.

Mutari: An fara. Sashen kwantabul ya wuce lafiya, yanzu yana kan takardun da aka yi wa sikan, su ne mafi yawa. Anti Habsu, tun da zaune nake ina kallo, me zan yi da mataccen?

Habsu: Ka buga smartctl -a a kansa, zai fito da rahoton lafiyar diskin, wannan ba ya taɓa rumbu. Ka faɗo mini lamba 5, 9, 194, 197, 198 da 199. Na sauran ukun ma ka duba.

Mutari: Mataccen: 5 sifili, 197 sifili, 198 sifili, 199 kuwa ya haura 2,000. Lamba 9, awannin da ya yi a kunne, wajen 38,000, dukansu huɗun kusan haka. 194, ta zafi, tana nuna digiri 52.

Habsu: Mutari, da alama diskinka bai mutu ba. Lamba 5 gurabun da diski ya yafe ne ya musanya, 197 waɗanda yake shakka a kansu, 198 waɗanda suka gagara. Duk sifili. Ita 199 kurakuran hanya ce tsakanin diski da mashin, kuma galibi kabul ne ko bakin da ake cusa shi. ZFS ya ga kurakurai sun yi yawa ya kore shi, shi ke nan.

Mutari: Kina nufin kuɗin maigida da duk wannan tashin hankali a kan kabul ne?

Alhaji Ma'azu: Wanda nake bayarwa gyara in an sayi diski.

Ari: To ya gyara kabul ɗin yanzu mana, kariya ta dawo tun ana kwafi.

Malam Laminu: A'a. Hannun da zai shiga cikin akwatin nan zai goga kabul ɗin maƙwabta, kuma waɗannan shekararsu ɗaya da wanda ya saki. Ƙurar hunturu huɗu ce a ciki. Ya gama kwafi, ya kashe mashin, ya busa ta, ya sake kabul duka huɗun, sa'an nan ya kunna. Daga nan zpool online da zpool clear. ZFS ya san daga inda diskin ya ɓace, abin da ya canja tun Talata kawai zai cika masa, ba zai sake rubuta tera 4 ba.

Isuhu: Tun da mai jinya ya fara numfashi, bari in faɗi abin da ke raina tun safe. Da LVM ne a kan mdadm, kayan Linux na rabon fili da ɗaure diskoki, wannan kuskuren na minti ashirin ne. Ka yi vgextend da diskin da bai kamata ba? Sai pvmove ya kwashe abin da ke kansa, vgreduce ya fid da shi, ka sha shayinka. Ku masu ZFS kullum kuna wa'azin ba ya ɓata bayanai, amma kalma ɗaya ta bambanta add da attach, kuma ba hanyar dawowa. Wace irin mota ce ba ta da ribas?

Sa'an nan ku duba wanda zai gaje ku. Mutari ya gaji abin da ba a koya masa ba. Duk yaron da ya yi Linux a makaranta ya san ext4, ya san fsck, kowace kile ta ceto da ka cusa za ta karanta LVM. Shi ZFS ba ya cikin zuciyar Linux, saboda lasisin CDDL da Sun ta sake shi da shi a 2005 bai jitu da GPL ba. In ta DKMS ka ɗora shi, wato a riƙa haɗa shi daga waje, ranar da aka sabunta kernel, zuciyar Linux ɗin, ya ƙi haɗuwa, ka tashi ba rumbu. A garin da masu iya wannan aikin ba su cika tabarma ɗaya ba, ni abin da kowa ya sani nake girkawa.

Ari: Btrfs ma, takwaran ZFS na Linux, yana da ribas. btrfs device remove, ya kwashe ya saki diskin. Kuma yana cikin kernel tun 2009, yana da hatimin bayanai, alamar da ke nuna ko sun lalace, kamar ZFS, yana karɓar diskoki masu girma daban-daban. Mu da muke haɗa sabar da abin da muka tsinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Habsu: Ari, raid1 na Btrfs na yarda da shi. Raid5 da raid6 nasa, su masu rubuta shi da kansu sun ce kar a ɗora musu abin da ake tsoron rasawa, saboda in wuta ta yanke a tsakiyar rubutu lissafin kariyar zai iya saɓa wa bayanan. A Damagaram kake so ka gwada wannan? Red Hat ma ta ajiye shi gaba ɗaya daga RHEL 8.

Isuhu, maganar ribas na ba ka, ba gardama. Amma ka faɗi rabin labari. Ext4 da XFS suna hatimce bayanan tsarinsu ne kawai, cikin fayil ɗinka ba ruwansu. In diski ya dawo maka da abin da ba shi aka rubuta ba, kuma bai yi ƙorafi ba, haka za su miƙa maka. Mdadm in ya bincika madubi, wato diski biyu masu ɗauke da abu ɗaya, ya ga ɓangarori biyu sun saɓa, zai ƙirga saɓanin, amma bai san wane ne mai gaskiya ba. ZFS kowane gutsure yana da hatiminsa a ajiye a wani wuri daban, ya san wanda ya lalace, ya gyara shi daga mai kyau. Biro na Mutari takardun sikan yake tarawa, irin waɗanda ake buɗewa sau ɗaya a shekara biyar. Ranar da aka buɗe aka ga rabin shafi toka-toka, lalataccen ya riga ya shiga duk kwafin da aka yi. Kabul ɗin nan da ya yi kurakurai 2,000, kai ka tabbata me ya wuce ta cikinsa?

Isuhu: Kurakuran 199 ai waɗanda aka kama ne aka sake turawa. Kar ki ba ZFS ladan aikin SATA.

Habsu: Na karɓa. Sauran maganar tana nan.

Nura Bakano: Maganar DKMS kuma ta tsufa ga wanda ya bi hanya. Ubuntu tana zuwa da ZFS a haɗe tun 16.04, Proxmox da TrueNAS ma haka. Wanda ya wahala shi ya zaɓi wahala.

Isuhu: Kuma XFS ɗin da ake kushewa, Red Hat ta mai da shi na gida tun RHEL 7 a 2014, bankuna na kansa. Aibinsa da na sani ba ya raguwa, girma kawai yake yi. Shi ya sa ba na raba wa kowa fili duka tun farko, ina barin saura a cikin rukunin, wanda ya cika in yi masa lvextend -r.

Malam Laminu: Ku biyun kuna da gaskiya a wuri daban-daban, amma ba wanda zai sa Mutari ya sauya tsari a makon da hannunsa ke rawa. Abin da ya fara koya da zafi, shi zai riƙe. Tambayar da ke gabanmu ita ce yadda zai sake ɗaure rumbun.

Mutari: Barkanmu da safiya. Kwafi ya ƙare da asuba, awa 17, ba kuskure ko ɗaya. Kuran ta tafi sau biyu, gurup ya ɗauka. Na kashe, na busa, ƙurar da ta fito sai da mai gadi ya leƙo ya ga ko gobara ce. Na sake kabul. Diskin ya dawo, cikawar ba ta kai minti 10 ba, raidz1 ONLINE. Saura ɗan tilon nan.

Habsu: Alhamdu lillahi. Yanzu ka yi scrub. In ya fito tsaf, maganin gaggawa shi ne diski na shida, ka yi zpool attach, da a-t-t, a kan tilon, su zama madubi. Ka kira su da sunayen da ke /dev/disk/by-id, ka rabu da sde ɗin nan, haruffan suna sauyawa in an sake kunnawa. Ka kuma nemi lambar samfurin sabon da wanda za a sayo, ka tabbata CMR ne, mai layuka a jere, ba SMR ba. Masu SMR layukansu hawa juna suke kamar jinkar ɗaki, rubutu mai yawa a jere yana sa su tsaya suna gyaran ciki, cikawar da za ta ci wuni sai ta ci kwanaki. A 2020 an yi babbar hayaniya da aka gano ana sayar da irinsu a matsayin diskin NAS, akwatin ajiyar fayiloli, ba a rubuta a kwali ba.

Isuhu: In ya yi madubin, ya bar shi haka mana. Raidz1 da madubi a rumbu ɗaya, ba kyau a ido amma yana aiki.

Habsu: Yana aiki, amma tsofaffin huɗun suna nan a raidz1 da awa 38,000 kowanne, sama da shekara huɗu ke nan ba hutu, kuma rana ɗaya aka kunna su. Ni raidz2 zan yi da duka shidan. Tera 16 ta aiki a lissafin kwali, mashin za ta nuna wajen 14 da rabi, kuma ko waɗanne biyu suka faɗi yana tsaye.

Nura Bakano: Madubi uku ya fi. Tera 12, ya ishe shi tun da 5.2 gare shi. Cikawa ta fi sauri don kwafi ne daga ɗan'uwa, ba a tashin diski biyar. Rukunin raidz a ƙananan karatu na nan da can ƙarfin diski ɗaya gare shi, madubi uku kuwa sun ninka. Gobe in fili ya ƙare ya ƙara biyu kawai. Kuma abin da ya fi dacewa da Mutari: rumbun da duk madubai ne yana yarda a cire rukuni. Ga ribas ɗin da Isuhu ke nema.

Ari: Raidz ma yanzu ana ƙara masa diski ɗaya-ɗaya, tun OpenZFS 2.3 da ya fito Janairun 2025.

Habsu: Ana ƙarawa, amma raidz1 ba ya zama raidz2 ta wannan hanyar, kuma tsofaffin bayanai suna zama da tsohon rabonsu sai an sake rubuta su. Ba ta fid da Mutari.

Malam Nura, duk abin da ka faɗa haka yake, a Kano. Kai diski ya mutu da safe, kafin azahar ka sayo wani. Mu in babu a gari, ko dai Kano, kilomita wajen 240 da iyaka a tsakani, ko Yamai, kusan 900. Kafin nan ma sai takarda ta bi ta tebur uku. Mutari kwana biyu ya yi, kuma wannan sa'a ce. Ka tuna daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 da iyaka take rufe, wa ya samu kaya a kan lokaci? Madubin da ya rasa ɗan'uwansa, duk kwanakin jiran nan a kan ƙafa ɗaya yake, kuma in ita ta karye rumbu duka ya tafi. Raidz2 bayan ya rasa ɗaya yana da sauran ɗaya. Ni da kwanakin jira nake auna kariya, ba da saurin cikawa ba.

Nura Bakano: To ya sayi na bakwai ya ajiye a durowa.

Mutari: Yaya Nura, na shidan ma ban san da wane baki zan roƙa ba.

Balkisa: Tambaya kuma. Na karanta wai diski mai girma ba ya gama cikawa a raid5 sai ya ci karo da kuskure. Gaskiya ne?

Malam Laminu: Daga takardar masu ƙerawa aka samo wannan. Diskin gida ana rubuta masa kuskuren karatu bai wuce 1 cikin bit 10 mai sifili 14 ba, wato kusan tera 12.5. Sai mutane suka ce to duk tera 12.5 sai an yi kuskure. Iyaka ce suka yi alkawari, ba duba ba ne, ga Mutari ya karanta tera biyar lafiya. Amma tsoron yana da tushe: lokacin cikawa ne ake karanta wuraren da aka daɗe ba a taɓa ba. Amfanin scrub ke nan, ya tono ruɓaɓɓen wuri tun kariya tana nan. Debian da Ubuntu suna sa shi da kansu Lahadi ta biyu a kowane wata. Mutari, ka duba ko naka yana gudana, ka kuma sa zed ya riƙa aiko maka saƙo, kar ka sake jin labarin diski daga bakin sakatare.

Ni abin da ya fi damuna ba wanda ya tsaya a kansa: 52 ɗin nan. Asabar ce, ina jin an kashe kilim an tafi hutu. Yawancin diskoki iyakarsu 60 ce a takarda, kuma ba mu shiga Afrilu da Mayu ba. Batirin ondilar ma zafi ke cinye shi, a ƙa'idar da aka saba duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Ka haɗa ondilar da sabar ta USB, ka sa NUT ya kashe ta cikin mutunci in batir ya yi ƙasa. ZFS ba ya rubutu a kan tsohon wuri, shi ya sa yankewar wuta ba ta barin sa a hargitse, abin da bai kai diski ba na 'yan daƙiƙun ƙarshe ne kawai zai tafi. Amma wannan bai hana wutar da ke dawowa da ƙarfi ƙona allon diski ba.

Mutari: Kilim ɗin maigida ne ya ce a riƙa kashewa saboda faktir. Aikin sabar kuwa rabon fayiloli ne ta Samba, sai wata ƙaramar mashin ta kwantabul guda ɗaya.

Habsu: To raidz2, sauri ba damuwarka ba ce. Ka kunna lz4 mai matse bayanai, kar ka kusanci dedup mai cire maimaici ko wa ya ba ka shawara, RAM ɗinka ba za ta ɗauka ba. Kar ka bar rumbun ya cika ya wuce kashi 80 cikin 100. Ka sa snapshot na kowace awa, don ranar da wani ya share babban fayil ko ƙwayar cuta ta kulle na Samba.

Isuhu: Ka kuma rubuta komai a takarda ka manna a ƙofar akwatin: wane diski ke wane rami, lambarsa, da abin da za a buga in ya mutu. Wanda ya bar maka gadon nan da ya yi haka, da ba mu kwana a zaure ba.

Habsu: Yau dai mun haɗu a kan abu ɗaya.

Malam Laminu: Kafin ku rufe. Don a yi raidz2 sai an rusa rumbun nan, zpool destroy. Daga wannan lokacin har a gama mayar da bayanai, dukiyar biro gaba ɗaya tana kan diskin aro guda ɗaya a akwatin USB. Wato daidai halin da muka kwana muna gudu. Ba za ka rusa ba sai kana da kwafi biyu a diski biyu, kuma ka yi wa kowanne scrub ya fito tsaf. Ka ga ke nan abin da za ka roƙa wajen maigida ba na shida ne kaɗai ba, har da mai tera 8 na kanku. In ya ce ɗaya zai saya, ka zaɓi mai tera 8, ka yi raidz2 da biyar ɗin da ke hannunka, tera 12 ce. Bayan haka shi ne zai riƙa karɓar ƙarin snapshot duk Juma'a ya kwana a wani gida, ba a ɗakin sabar ba. In akwai sirrin mutane a ciki ka rufe sashen da mabuɗi tun wajen ƙirƙira, ka tura da send -w, ko an sace diskin ba mai karantawa.

Nura Bakano: Biyar ba ta rabuwa madubi-madubi, Malam ya kashe mini hujja da lissafi. Amma ina nan a kan bakana.

Mutari: Na shiga wajen maigida. Na faɗa masa gaskiya, har da -f. Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni ko za a iya mayar da sabon diskin a karɓi kuɗi tun da tsohon bai mutu ba. Da ƙyar na fahimtar da shi. Ya yarda da mai tera 8, na shida ya ce sai sabon kasafi. Kilim kuma ya ce a bar ta a 27 ranakun hutu. Scrub ya ƙare ba kuskure, sabon diskin CMR ne. Amma har kayan su iso ɗan tilon nan yana nan shi kaɗai, kuma gobe dole in buɗe musu rubutu.

Habsu: Ka buɗe, amma duk marece kafin ka tashi ka ɗauki snapshot ka tura ƙarin da send -i zuwa na Alhaji. Minti kaɗan ne. In tilon ya faɗi, aikin wuni ɗaya kuka rasa.

Alhaji Ma'azu: Ka riƙe nawa har ka gama. Yarona zai shiga Kano ran Laraba ta Matamai, turo mini lambar samfurin da kake so tun yau, kar ya kawo maka mai jinkar nan da Hajiya ta faɗa. Akwatin kuma ka dawo mini da shi da cajansa, na ƙarshe da na ba aro haka ya dawo tsirara.